Pa Bayiha da Harshen Matarsa

"To in ka iya Sifaniyancin kuma fa? Sifen za ka ka auro wata?" in ji Tchuente tela, bai ko ɗago daga yadin da yake yanka ba.

"Wadda na aura ta ishe ni," in ji Pa Bayiha.

"Ai shi na gani. Mutum haƙora sun ƙare masa, yanzu ne zai fara taunar sabon harshe. Ku 'yan ƙabilar Basa in kun kafe a kan abu, ko jaki sai ya sara muku."

"Gemu ba ya hana ilimi. Ku kuma Bamileke, da kyauta ake koyarwa, da kai ne a bencin gaba. Taka mini keken nan in ji."

Tchuente ya ajiye almakashi ya taka. Pa Bayiha ya karkata kunne, ya lumshe ido, ya bar keken ya yi ta kukansa. Can ya ɗaga hannu, ya cire kwarkwaro, ya ɗan murɗa wani ƙaramin noti, ya ɗiga mai. Da aka sake takawa sai ƙarar ta kwanta.

Tchuente ya rage murya. "'Yarka Solange ta biyo ta nan jiya neman ka. Ta ce an gama magana da dangin uwarta na garin Bata."

"Ba a gama ba."

"Ta ce da ruwa ya ɗauke za su zo su tafi da matar taka."

"Na ce maka ba a gama ba."

Ya tattara sukudirebobinsa cikin jakar fata, ya fita.

Duk telan da ya daɗe a Kasuwar Kongo ta Duwala, a Kamaru, ya san Pa Bayiha mai gyaran keken ɗinki. Ba shi da shago. Jaka ce kawai da laima, yana bin rumfa rumfa tun yana saurayi, ya gaji sana'ar daga wani kawunsa. Karatunsa bai wuce firamaren fada-fada ba, amma a can ya ɗauki wani darasi da ya riƙe har tsufa. Wani fada Bafaranshe ya taɓa gaya musu cewa harshe kamar ruwa ne, a idonsa ake ɗiba, wanda ya gangaro ta kwata ya riga ya gurɓace. Shi ya sa Faransancin Pa Bayiha a tsaye yake cak, har yara na kwaikwayonsa a bayan ido.

Ta hanyar sana'ar ya sami matarsa Puri. Wata rana aka ce masa akwai wata yarinya 'yar gudun hijira daga Ikwatoriyal Gini da ke neman mai gyara. Ya same ta zaune da kan keke a cinya, duk ya yi tsatsa, don ruwan teku ya sha shi a cikin kwalekwalen da ya tsallako da su. Marainiya ce, sistocin coci suka raine ta a Bata, su suka koya mata ɗinki, da Sifaniyanci suka tashe ta. Da ƙasar ta rikice aka kori sistocin, sai ta ɗauki kan keken ta bi masunta. Abin da ta faɗa masa ke nan, bai kuma taɓa jin ƙari ba. Ya daɗe yana jiƙa keken a kananzir, yana zuwa yana dawowa, har maƙwabta suka gane ba keken kaɗai yake gyarawa ba.

Sun zauna a unguwar Nkongmondo, a gidan katako mai ɗaki biyu. Da Turancin buroka suka fara magana, daga baya ta iya Faransanci, ta kuma tsinci Basa na cefane da na zagi. Sifaniyanci kuwa ta kulle shi ta jefar da mabuɗin. Ko da 'yarsu ɗaya tilo, Solange, ta kai ajin da ake zaɓar harshe na biyu, uwar ta tsaya kai da fata sai dai ta ɗauki Jamusanci. Bayiha bai tambayi dalili ba. Shi a ganinsa, raunin da ya rufe ba a sosa shi.

Sai ga tsufa ya zo da ciwon mantuwa. Da fari gishiri ta riƙa zubawa sau biyu a miyar ndole. Daga nan sunayen maƙwabta suka fara zubewa. Sannan Faransancin ya riƙa yagewa a bakinta kamar tsohon zani, buroka ta bi bayansa. Wata safiya ya kawo mata ruwan wanka, ta dube shi ta yi magana mai tsawo, mai santsi, da wata murya ta 'yan mata da bai taɓa ji ba. Ko kalma ɗaya bai kama ba. Tun daga ranar, harshen da ta binne shi kaɗai ya rage mata.

Solange ba muguwar 'ya ba ce. Kullum da safe takan tsallako gada daga Bonaberi ta yi wa uwar wanka kafin ta buɗe shagonta. Ita ta nemo wata 'yar ƙanen kakarta a Bata, wadda ta ce a kawo Puri, akwai ɗaki, akwai masu jin maganarta.

"Baba, mace ce zaune a gidanta kamar kurma," in ji ta. "In cikinta ke ciwo ba mu sani ba. In ruwa take so ba mu sani ba. Wannan ba zama ba ne."

"Zan koya."

"Ka koyi me?"

"Abin da take faɗa."

Ta dube shi, ta kau da kai don kada ya ga idonta. "Zuwa ƙarshen damina, Baba. Abin da na gaya musu ke nan."

Haka Pa Bayiha ya shiga neman makaranta, ya kuwa neme ta yadda yake zaɓar tsohon keke: sai ya ji kukanta da kunnensa. Ya je wata a unguwar Ndokoti, ya tarar rabin ajin Sinanci ake yi, rabi Sifaniyanci, labule ne kawai a tsakani. Ya je wata da aka ce ta waya ake koyarwa, ya ce shi bai iya magana da mutumin da ba ya ganin haƙoransa ba. Ya hau wani matsattsen bene a unguwar Bessengue, saman shagon fenti, inda wata mata mai suna Madam Bindang ke koyar da direbobin manyan motoci da mata masu safarar kaya zuwa Malabo. Ɗakin na warin fenti, fankar na gurnani. Ya zauna a baya ya saurara. Da aka tashi ya tambaye ta inda ta koyi harshen.

"A bakin uwata, Baba. Mu 'yan Gini ne."

"Kin taɓa zama a Sifen?"

"Ko filin jirginsu ban sani ba. Wa kake son yi wa magana da shi?"

Ya yi godiya cikin ladabi, ya sauka. A ransa ya ce wannan ruwan kwata ne. Puri a hannun Turawa ta koya, ba zai kai mata na kasuwa ba.

A unguwar Akwa ya sami abin da yake so. Gini mai gilashi, na'urar sanyi, kujeru masu laushi, malami kuma Bature ɗan asalin Sifen, saurayi mai fara'a. 'Yan ajin duk sa'o'in jikokinsa ne, kowa na neman takardar shaida don ya ƙetare zuwa Turai. Suka sa masa suna Kakan Aji. Bai damu ba. Yakan zo da farar riga a goge, ya zauna a gaba, kuma kunnen da ya saba da kukan keke ya taimake shi, in malam ya faɗi abu sau ɗaya ya kama sautinsa.

Darasin farko na littafin shi ne gabatar da kai. Suka yi ta maimaitawa biyu biyu har ya zauna masa daram. Malam ya ce duk mai wanda zai gwada da shi a gida, ya gwada.

Ran nan bai bi ta kasuwa ba. Ya sayi gasasshen kifi da miyondo, dafaffen ƙullun rogo na cikin ganye, ya hau acaba, abin da ba ya yi, don ya isa da wuri. Ya sallami maƙwabciyar da ke zama da ita. Puri na kan benci a baranda, tana naɗe bakin zaninta tana warwarewa. Bai ko cire takalmi ba. Ya tsaya a gabanta da farar rigarsa, littafi a hannu, ya gyara murya, ya yi mata magana da harshenta karo na farko a tsawon aurensu.

"Yaya sunanki?"

Hannunta ya tsaya.

Ya ɗauka ta ji daɗi ne. Ya ci gaba yadda aka koya musu, dalla-dalla, da babbar murya. "Daga ina kike? A ina kike zaune? Mene ne aikinki?"

Sai ya ga ta miƙe tsaye, ta haɗe ƙafafu, ta sunkuyar da kai. Ta faɗi cikakken sunanta, Purificación, da sunan uba. Ta shiga zubo magana da sauri tana nuna tafin hannuwanta, babu komai a ciki. Ya matsa don ya riƙe ta, ta yi wata ƙara da ta fito da maƙwabta, ta ja da baya ta shige ɗaki, ta cusa kanta tsakanin gado da bango. Zaninta ya jiƙe.

Sai da aka kira Solange ta zo ta lallaba ta fito da ita. Daga ranar, in Puri ta hango shi a bakin ƙofa sai ta miƙe ta haɗe ƙafafu. Ba ta karɓar abinci daga hannunsa. Mutumin da a da, ko ba ta tuna sunansa ba, takan bar shi ya shafa mata man zafi a gwiwa, yanzu sai ya kwashe shimfiɗarsa ya koma baranda.

"Me ka ce mata?" in ji Solange.

"Abin da ke littafi."

"To ka gani ko, Baba? Da ba ta jin ka, yanzu tsoronka take. Don Allah ka bar ta ta tafi inda za ta huta."

Ya naɗe shimfiɗarsa ya jingina ta da bango.

Ya koma Akwa ya jira aka tashi, ya yi wa malam bayani da Faransancinsa na fada-fada. Saurayin ya saurara sosai, har ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, amma bai san abin da ya tsorata ta ba, kuma ajin na da jarrabawa a gaba, littafi kuma da tsarinsa, darasi na biye shi ne tambayar hanya da kama ɗaki a otel. Ya ce da zai ba shi shawara, da ya nemi wanda ya fito daga can.

Pa Bayiha ya daɗe a tsaye ƙarƙashin rumfar wani banki ana sheƙa ruwa. A wannan makon ne ya gyara wa Tchuente kekensa, ya ce masa ba a gama ba, alhali shi kansa bai san da me zai tare tafiyar ba. Abin da ya fi yi masa nauyi shi ne benen Bessengue. Sai da ya wuce ƙofar shagon fentin ya dawo, sannan ya hau.

Madam Bindang na share allo. Ta waiwayo.

"A'a, Baban da ke neman Bature. An samu?"

"An samu."

"To me ya dawo da kai wurin warin fenti?"

Ya zauna a kan benci, ya ɗora jakarsa a cinya, ya faɗa mata komai. Da ya zo kan tambayoyin sai ya maimaita su da Sifaniyanci, tsaf, yadda ya faɗe su. Ta ajiye tsumman hannunta.

"A tsaye kake?"

"A tsaye."

"Da takarda a hannu?"

"Littafin makaranta."

"Wayyo, Baba." Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. "A wancan zamani, daga Bata zuwa bakin ruwa, shinge ne bayan shinge. Samari da bindiga. Haka suke tambaya, a jere, kamar yadda ka jera. Wanda ya ce a gidan sistoci ya tashi, wani lokaci ba ya wucewa. Uwata har ta rasu, in ma'aikacin lantarki ya zo da takarda ya tambayi sunanta, sai ta kwana biyu ba ta ci abinci ba."

Pa Bayiha ya dubi hannuwansa. "Ba ta taɓa gaya mini ba."

"Ba sa faɗa."

"Ni na mayar da ita can."

"Ciwon ne ya mayar da ita. Kai dai ka same ta a can ne da kayan da ba su dace ba." Ta gyara zama. "Bari in gaya maka gaskiya, don ba na son in riƙe ka da ƙarya. Kafin ruwa ya ɗauke ba za ka iya harshen nan ba. Ko baɗi ma da wuya. Takardar shaida kuwa ba ni da ita."

"Ba bango zan liƙa wa ba."

"To. In ka yarda, ka riƙa zuwa kafin direbobina. Amma da sharaɗi. Ba za ka sake yi mata tambaya ba, ko ta kina lafiya. Ba za ka yi mata magana a tsaye ba. Littafin nan kuma ka bar shi a nan. Abin da idonta ke gani shi za ka riƙa faɗa mata. Ana ruwa. Kifi ya yi zafi. Ga kujera. Mutumin da ya zo kama ka ba ya gaya maka ana ruwa."

"Shi ke nan karatun?"

"Ka raina? Faɗi mu ji. Ana ruwa."

Ya faɗa. Ta toshe kunne.

"Kai, Baba! Wannan ai sanarwar rediyo ce. Sauke muryar. Kamar kana lallashin jika. Ka manta da Baturen nan, ka ja shi yadda mu muke ja."

Haka aka fara. Kullum da sassafe, da Solange ta iso, sai ya ɗauki laima ya nufi Bessengue. Ba a taɓa buɗe littafi ba. Yakan kawo mata abin da ya jiyo Puri na faɗa ta bayan katako, ya maimaita sautin kamar aku, ita kuma ta fassara abin da ya fassaru. Yawanci ba wani abu ba ne. Tana neman a rufe taga. Tana faɗa da wata yarinya da ta ɗauke mata zare, yarinyar da wataƙila ta daɗe a ƙasa. Wata rana kuma ashe haƙori ne ke damunta, aka kai ta aka cire. Direbobi in sun tarar da shi sukan ce, "Baba, yau me aka koya, ana ruwa ko an ɗauke?" Yakan ce musu, "Ku dai ku koyi ba da haƙuri, shi za ku fi bukata a kan iyaka."

A gida kuwa bai yi gaggawa ba. Ya daina sa farar riga. Yakan zauna a ƙasa, a dokin ƙofa, ya ba ta gefe, ya yi maganarsa kamar da iska yake. Kwanakin farko tana jin muryarsa take miƙewa. Daga baya ta daina miƙewa, sai dai ta ƙanƙame bakin gado. Ruwa kuwa ya fara ja da baya, har rana na fitowa ta yini.

Wata safiya Solange ta zo da sabuwar jakar tafiya, ta ajiye a bayan ƙofa. Ta zaunar da uwar a bencin baranda, ta kawo dafaffiyar agada da romon kifi. Puri ta kau da kai. Aka yi, aka yi, ta datse baki.

"Tun jiya haka take," in ji Solange, muryarta a gajiye. "Mama, don Allah."

Pa Bayiha ya zo ya zauna a ƙasa, nesa kaɗan da ƙafafunta, yana kallon titi. Wani siririn yayyafi ya fara sauka a kan kwanon rufi.

"Ana ruwa," ya ce da harshenta, a hankali.

Solange ta tsaya riƙe da kwanon abincin tana kallon su.

"Romo ya yi zafi. Akwai kifi." Ya dakata. "An rufe ƙofa. Ba mai zuwa. Ina nan zaune."

Nan abin da ya tanada ya ƙare. Puri ta dubi kwanon rufi, ta dubi titi, sannan ta sauke ido kan furfurarsa. Ta daɗe tana kallo. Sai ta fara magana, ba da sauri ba, da muryar nan ta 'yan mata. Ya tsinci teku a ciki, ya tsinci zare, sauran duk suka wuce shi. Da ta numfasa ya faɗi abin da Madam Bindang ta ce ya riƙe don irin wannan lokaci.

"Ina jin ki."

Ta ci gaba. Tana cikin magana ta ja jikinta zuwa ƙarshen benci, ta bar wuri, ta daddaɓa katakon da tafin hannu. Gwiwoyinsa suka yi ƙara da ya tashi. Ya zauna a gefenta. Ya karɓi kwanon daga hannun Solange, ya gutsuro agada ya tsoma a romo, ya riƙe, bai kai mata baki ba. Ita ta kamo hannun nasa ta kai.

Ba ta kira sunansa ba. Bai kuma san ko mijinta take gani ba, ko wani tsoho ne kawai mai hankali da ya zo fakewa. Ta dai ci har ta kusa cinyewa, sannan ta jingina da bango ta lumshe ido.

Solange ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito, idonta ja, ta tsaya tana goge hannu da zani.

"Me ta ce maka?"

"Ban sani ba. Wani abu kan teku."

"Duk wannan dogon zancen?"

"Gobe zan fi yau."

Ta dubi uwar, ta dubi jakar da ke bayan ƙofa. "Zan kira Anti ta Bata in ce su dakata. Ban ce an fasa ba, Baba. In ta sake komawa bayan gado, ko kai ka kwanta ciwo, ba zan sake tambayarka ba."

"Na ji."

"Kuma ka riƙa cin abinci. Dubi wuyanka."

Ya gyaɗa kai. Ya zare hannunsa a hankali daga cikin na Puri, ya ɗora mata shi a cinya. Zancen da ta yi na nan a kunnensa da ɗuminsa, yana so ya kai shi Bessengue kafin ya huce, kafin kuma direbobi su cika ɗakin. Ya rataya jaka, ya buɗe laima, ya tsallake kwata, ya miƙe titi leɓensa na motsi.